Bokitin Matoshin Kunne

Ranar da aka fito da shuɗin bokitin nan daga sito, kowa a masaƙa ya san baƙi na tafe. Mai Usur, shugaban ɗakin saƙa, da kansa ya tsaya a bakin ƙofa, ya sha farar riga har da turare, yana miƙa wa kowace mace matoshin kunne biyu, ’yan robobi masu laushi, sai ka ce mai rabon alewa. Doguwa, ɗaya daga cikin masu saƙar, ta karɓi nata ta jujjuya. Jikin ɗaya akwai busasshen dattin kunnen wata baiwar Allah tun zuwan baƙin bara. Ta goge a gefen rigar aiki, ta cusa.

“Kullum kuke sawa,” in ji Mai Usur, yana bin layi yana nuna kunnensa. “Duk wadda aka tambaya, kullum. Kun ji ko?”

Ba wadda ta ji, amma duk sun gani.

Don a ɗakin saƙa ba a jin magana, ganinta ake yi. Injina ne jere reras iyakar ganinka, kowanne na buga ƙarfe a kan ƙarfe, ƙarar ta shiga ta tafin ƙafa ta fita ta haƙori. Sabuwar zuwa takan yi kwanaki tana ihu har muryarta ta dishe, sannan ta koyi abin da kowa ya koya: a motsa leɓe, a bar murya ta huta. Kuma kada ka ce wannan ya rage gulma. Wace ta yi sabon bazawari, wace ta ari takalmi ta mayar da shi a tsinke, daga wannan bango zuwa wancan labari ke tafiya daga baki zuwa ido, ya fi waya sauri. Mai Usur kaɗai ne bai iya ba, shi da ke wuni a ofishin gilashi. Usur ɗin ma da yake hurawa, kumatunsa kawai ake gani suna kumbura.

Daga layin can, Mai Wushirya, ƙawar Doguwa, ta ɗaga gira ta motsa baki: “Gaban rigar Mai Usur kawai aka goge. Matarsa ta yi fushi ke nan.” Doguwa ta danne dariya ta koma kan zarenta.

Da hantsi baƙin suka shigo, masu sayen yadin ne daga ƙetare, an kashe rabin injina don kada kansu ya yi ciwo. Wata siririyar mata a cikinsu, mai furfura da tabarau, ta tsaya a gaban injin Doguwa ta yi magana. Tafinta, wani saurayi mai matsattsen wando, ya matso.

“Wai kina da yara?”

Doguwa ta karanta bakinsa sarai. Ta gyara tsayuwa ta amsa cikin ladabi: ’ya ɗaya, tana wajen kakarta, bana ta shiga makaranta, surutu kamar tsuntsu. Ta yi bayani mai kyau, har da murmushi. Sai da ta kai ƙarshe ta lura tafinta ya saki baki yana kallonta. Ashe ko tari bai fito daga maƙogwaronta ba. Leɓe kawai ta yi ta motsawa, yadda ta saba.

Baƙuwar ta nuna mata ta cire matoshin. Ta zagaya bayanta. Abin da ta yi a can Doguwa ba ta sani ba, sai daga baya Mai Wushirya ta gaya mata: wai yatsu ta kaɗa dab da kunnenta na dama, har sau ba adadi, ita ko tana tsaye ƙiƙam kamar turken rumfa. Abin da Doguwa ta gani da idonta shi ne gumi ya jiƙa farar rigar Mai Usur, gaban da aka goge da bayan da ba a goge ba.

Da yamma, motar baƙi na fita, aka ajiye bokitin a bakin ƙofa. Kowa ta jefa nata.

* * *

Wurin nan, a takarda yana da dogon suna, amma mutane Cikin Katanga suke ce masa. Wasu masu hannu da shuni daga ƙetare ne suka zo, gwamnati ta yanka musu fili, ta ja musu wuta da titi, ta ce haraji ma su bar shi tukuna. Abin da aka saƙa a ciki ba ya kwana a ƙasar: daga inji sai kwantena, daga kwantena sai jirgin ruwa. Doguwa ta saƙa yadin da zai lulluɓe gari guda, amma ko ƙyallen share majina ba ta taɓa fita da shi ba. A bakin get mata masu gadi ke laluba su har cikin ɗankwali. Wai ciki wata ƙasa ce, waje wata.

A wajen take zaune, a ɗaki na ƙarshe cikin wani dogon gidan haya da aka gina don ma’aikata. Katifa, risho, bokitin wanka, ƙusa uku a bango. Mijinta direba ne, hanya ta ci shi tun yarinyar na goye, shi ya sa ta kai ta wajen Inna, mahaifiyarta, ta biyo motar masu neman aiki. Gidan cike yake da mutane, amma masu aikin safe suna fita masu aikin yamma na barci, sai ka yi wata ba ka san fuskar mai ɗakin da ke jikin naka ba.

Mutum ɗaya ce ke nan kullum, Gwaggo Rediyo, mai kula da gidan. Tsohuwa ce da haƙoranta suka riga ta yin ritaya, kunnenta kuwa ko allura ta faɗi a ɗaki na farko sai ta faɗa maka ta wace ce. Kujerarta na bakin famfo, inda duk labari ke zuwa wanke-wanke.

“’Yar nan, ina ta sallama kin wuce ni fuu,” ta tare ta ran nan. “Ko an ƙara miki girma ne a Cikin Katanga?”

“Yi haƙuri, Gwaggo. Ta dama kika biyo.”

“Au, yanzu gaisuwa ma sai an zaɓi ɓangare?”

Ita Doguwa ta daɗe da sanin na dama ya tafi. Bai yi sallama ba. Da fari wani siririn kuka ne ke tashi a ciki in ta dawo aiki, kamar sauro ya maƙale, sai wata rana sauron ma ya yi shiru. Na hagu take lallaɓawa. Da shi take kwanciya sama, shi take karewa da kafaɗa in ta sunkuya ƙulla zare. Don na hagun nan yana da aiki guda da ba wanda zai yi mata.

Duk ranar hutu bayan la’asar, Inna takan ja yarinyar zuwa shagon mai cajin waya, ya ara musu wata tsohuwar waya mai madannai. Doguwa ta rufe ƙofa da taga, ta zauna a kan katifa, ta manna tata a kunnen hagu har ya yi zafi.

“Mama! Haƙorina ya fita, na jefa shi kan rufi.”

“Iyye, Tsuntsuwa an zama tsohuwa. Inna ta samu ƙawa.”

“Malama tana koya mana waƙa. Doguwa ce kamar ke. Ban iya ƙarshen ba.”

“Rera min farkon mana.”

“A’a. Sai na iya duka. Rabin waƙa ba daɗi.”

Muryar tana zuwa siririya, kamar daga ƙasan rijiya, wasu kalmomin sai ta cike da kanta. Amma tana zuwa. Da ita Doguwa ke cin abinci har wani makon.

* * *

Baƙuwar nan mai tabarau, Allah ya saka mata, da alheri ta nufa. Ta koma ƙasarsu ta tayar da magana, ta ce ba za su ƙara sayen ko taku ɗaya na yadi ba sai an gwada kunnen kowa. Sai ga nas an kawo da akwatin na’ura, aka ba ta ƙaramin ɗakin da ke kusa da sito.

Da masu gyaran inji aka fara. Baba Mai Mai, dattijon da ke zuba wa injina mai tun ranar da aka kafa su, ya shiga yana fara’a. Shi a tunaninsa magani za a ba shi, don haka ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah: bai ji komai ba. Washegari aka kira shi ofis, aka yi masa godiya mai yawa, aka ce kwantiraginsa ya ƙare, ya je ya huta tukuna za a neme shi. Doguwa ta gan shi a bakin get, rungume da kwanon abincinsa, mai gadi na zazzage masa aljihu. Wasu biyu suka bi bayansa kafin mako ya fita.

Nan mata suka gane lissafin. Masu saye sun ce ba sa son kurame a masaƙa, to ga shi ana rage su.

Ranar layinsu, aka jera su a benci a baranda, Mai Usur na sintiri yana cewa ban da magana. Kuma wallahi ba wadda ta yi magana. Mai Wushirya ce ta fara shiga. Da ta fito ta tsaya kamar mai gyara ɗankwali, ta fuskanci benci, bakinta ya yi aikinsa.

“Za ta sa miki wani abu a kunne, ta ce in kin ji ƙara ki ɗaga hannu. Ki kalli bakinta. Duk sanda ta danna, sai ta ciji leɓenta na ƙasa.”

Labari ya bi benci daga ido zuwa ido, har ya kai ga ta ƙarshe, Mai Usur na tsaye a kansu yana jin daɗin yadda suka nutsu.

“Ke fa kika jawo mana,” Mai Wushirya ta ƙara, tana hararar Doguwa da wasa. “Mai hira da baƙi. Saura ki shiga ki yi mana gaskiya irin ta Baba.”

Ɗakin nas shiru ne, irin shirun da Doguwa ta manta akwai shi. Nas ɗin yarinya ce, da ganinta ta gaji, ta ɗora mata abin a ka ya rufe kunnuwa biyu, ta koma bayan akwatinta. Doguwa ta yi abin da ba ta gaya wa kowa za ta yi ba. Ta rufe ido. So take ta sani.

Dama, ba komai. Wannan ba labari ba ne. Aka koma hagu. Ta jira. Can ta ji wani abu mai kauri, ta ɗaga hannu. Ta sake jin wani, ta ɗaga. Daga nan sai shiru, shiru mai tsawo, alhali ta san nas ɗin na can tana dannawa. Masu kaurin ne suka rage. Siraran sun tafi, kuma muryar Tsuntsuwa siririya ce.

A cikin duhun idonta ta hango hanya biyu. Ta bar idon a rufe, a yi mata godiya irin ta Baba Mai Mai, ta hau mota ta koma wajen Inna da ɗan abin da ya rage a kunnen hagu. Ta ji waƙar nan daga bakin mai ita, tana zaune a cinyarta. Sai kuma me? Ta san tukunyar gidan, ta san ƙwayoyin hawan jinin Inna, ta san wanda ke ɗinka kayan makaranta ba da godiya yake ɗinkawa ba. Waƙar ma ai a makarantar ake koyonta.

Aka taɓa mata hannu. Ta buɗe ido.

“Baiwar Allah, barci kike?” in ji nas. “Ba ki ɗaga ba tun ɗazu.”

“Yi haƙuri, ’yar’uwa,” Doguwa ta ce, ta tabbatar wannan karon da murya ta faɗa. “Ban gane yadda ake yi ba ne. A sake.”

Aka sake. Yarinyar ta ciji leɓe, hannu ya tashi. Ta ciji leɓe, hannu ya tashi. Har da na dama, wanda ya shekara bai ji ko tsawa ba, ranar nan ya ci jarrabawa.

* * *

Sakamako ya yi kyau ƙwarai. Kaf ɗakin saƙa ba a samu mace ɗaya mai matsalar kunne ba. Aka aika wa masu saye, suka yi murna, suka ƙara oda. Mai Usur ya tara su ya yi jawabi, wanda suka kalla daga farko har ƙarshe. Ya ce tun da gwaji ya nuna ƙarar ba ta cutar da kowa, ba sai an wahalar da su da toshe-toshe ba. Bokiti ya ci gaba da zamansa a sito. Aka kawo sababbin injina aka cusa a tsakanin tsofaffin, don a cika odar.

“Mun ci,” in ji bakin Mai Wushirya daga layin can.

“Mun ci,” in ji na Doguwa.

Ta gwada auduga, ta gwada tsumma, ta gwada ƙullin zaren da ya zube. Ƙarar ba ta ma san da su ba. Sauron nan ya dawo, wannan karon a hagu, yana kuka tun daga get har gida. Ta daina kunna ’yar rediyonta. Ta daina zama bakin famfo, don in mutum ya yi magana yana kallon kwano ba ta da yadda za ta yi, sai ta yi dariya inda ba abin dariya. Mutanen gidan suka ce girman kai ne. Gwaggo Rediyo ta ce a’a, ita ta san girman kai, ba ya sa mutum ya bar ruwa na tafasa a bayansa har ya ƙone.

A waya kuwa ta koyi dabara. Ita ke yin surutun, ta yi tambaya ta amsa da kanta, ta bar ɗan fili, ta ce iyye, ta ce madalla. Ranar da damina ta sauka, ta ga ruwa na zuba daga indararo, ta ɗaga kai ta kalli kwanon rufin ɗakinta. Shiru yake kamar bargo.

Ranar hutun da ta biyo, wayar ta yi ta rawa a tafin hannunta. Ta rufe ƙofa da taga yadda ta saba, ta zauna, ta manna a hagu. Ta danna har kunnen ya yi zafi. Ta mayar dama, don wauta. Ta dawo hagu. A fuskar wayar lokaci na tafiya, wato can wani na magana.

Ta daɗe tana kallon ƙofa kafin ta buɗe.

Gwaggo Rediyo na kan kujerarta tana tsince wake a faranti. Doguwa ta durƙusa a gabanta ta miƙa mata wayar da hannu biyu. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi wayar. Ita da ke sayen labari da tsada, yau an kawo mata har gida, amma ba ta yi murmushi ba. Ta ajiye farantin, ta goge hannu a zane, ta kara a kunne.

“Ki kalle ni in za ki faɗa, Gwaggo. A hankali.”

Karanta bakin da ba haƙori aiki ne. Leɓunan sun shige ciki, kalmomin duk kamarsu ɗaya. Doguwa ta matso har tana jin numfashinta.

“Kakar ce. Wai suna lafiya. Wai an gode da saƙo.” Tsohuwar ta saurara. “Ga ’yar. Kai, wannan ta fi ni baki. Wai me ya sa muryarki ta tsufa.”

“Ce mata ke ƙawata ce. Ce mata ina nan kusa, ina ji.”

Gwaggo ta harare ta, amma ta faɗa. Ta sake saurarawa.

“Wai ta iya duka. Wai ki yi shiru, kada ki katse ta.”

Doguwa ta gyaɗa kai. Ta kafa wa bakin tsohuwar ido, ta shirya.

Bakin ya fara motsi, ya kamo kalma biyu, uku, wani abu game da tsuntsu ko tsintsiya, sai ya tsaya. Waƙar ta fi ƙarfin dasashin. Gwaggo Rediyo ta lumshe ido, ta manta da aikin da aka ba ta. Kanta ya fara kaɗawa a hankali, dama, hagu, dama, yatsanta na bugun gwiwa. A wani wurin ta ɗaga gira, da alama muryar ta hau sama. A wani wurin ta yi ’yar dariya, wataƙila an yi tuntuɓe an gyara.

Doguwa ba ta taɓa ta ba. Ta zauna a kan simintin da ke jiƙe, ta bi kan tsohuwar da nata kan, dama, hagu, dama. Waƙar doguwa ce, kamar yadda aka faɗa mata.

Da kan ya tsaya, Gwaggo ta buɗe ido, ta ja hanci, ta miƙo wayar.

“Tana jira. Wai ta iya?”

Doguwa ta karɓa. Wayar da ɗumi, ɗumin kunnen wata. Ta kara a hagu, ta ce kin iya, Tsuntsuwata, kin iya ƙwarai, ban taɓa jin mai daɗinta ba. Ta faɗa ta sake faɗa.

Tsohuwar na kallon bakinta yana motsi. Ta ɗaga hannu za ta gaya mata cewa ba abin da ke fita, sai ta fasa, ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsince wake.